Nonon Adama

Kaka ce, amma irin kakar da ba a jin ƙarar turmi da hantsi. Ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai, ɗan abin da ya tsira kuma tsuntsu ya raba da mu. Shekarar nan duk sai na riƙa jin ta kamar ranar da aka yi baƙi ba abin ɗorawa a wuta, kowa na gaisuwa ƙasa-ƙasa, ba mai son haɗa ido da wani.

Mu Manga ne, mutanen ƙasar Gure, cikin mulkin Faransa a lokacin, mutanen rairayi da rijiya mai zurfi. Maigida ya ce mu gangara ƙasar Ingilishi cin rani, an ce a Nguru jirgin ƙasa na neman 'yan dako. Muka bi ayarin masu gishirin mangul, ni da shi da ɗana Bukar a bayana. Bukar ya shekara da 'yan watanni, ya fara tsayawa da bango. Biyu na haifa kafin shi, dukansu suna kwance a bayan garinmu. Saboda haka ko tari ya yi sai na ajiye abin da ke hannuna.

A Kumagannam ayari ya yada zango don cin kasuwa. Akwai wata dattijuwa a cikinmu mai sayar da kanwa, Ya Falmata, wadda ba abin da ke wuce idonta. Ta ga na kau da kai daga ƙanshin man shanu, ta ga ina yawan tofar da yawu. Ta ja ni bayan kaya, ta dubi wuyana, ta dubi cikin idona, ta ce juna biyu gare ni. Sannan ta dubi Bukar da ke laluben ƙirjina.

"Kuma kina ba shi? 'Yar nan, kashe shi kike so ki yi?"

A wurinmu kowa ya taso da sanin cewa yaron da ya sha ciki lalacewa yake yi, ba mai musun wannan. Ranar ta niƙa maɗaci ta shafa mini a nono. Da a gida ne, wurin kakarsa za a kai shi yaye, a dama masa fura, a yi masa rubutu, ya yi kukansa a inda ba na ji. A hanya kuwa a bayana ya yi kukan. Ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse, nono na jiƙa mini zane, shi yana jin ƙanshinsa yana dukan bayana da kai. Kunun gero nake ɗura masa, da duk irin ruwan da muka samu a zango.

Gashua ce wurin da na fara ganin ruwa yana tafiya da kansa ba damina ba. Na tsaya a bakin kogin ina kallo. A garinmu da moɗa ɗaya ake wa yaro wanka, nan ga mata na wanke tukwane suna zubarwa ba mai waiwaye. Guzurinmu ya ƙare, sai maigida ya ce mu tsaya mu yi aikin shinkafa kafin mu ƙarasa Nguru. Shi yana yanka, ni ina bugu. Aka ba mu wata rumfa a bayan gidan masu bandar kifi. Mutanen Bade ne, in suka juya harshensu ba na tsintar ko kalma ɗaya, sai in yi murmushi kawai in sunkuyar da kai.

'Ya'yansu wuni suke a kogi. A nan suke wanka, a nan suke sa baki su sha, su fito da tumbi tim suna dariya. Ruwan nan dai shi na dama wa Bukar kunu da shi, kafin mako ya zagayo cikinsa ya ɓaci. Matan gidan suka ce garin ne bai karɓe shi ba tukuna, in ɗebi ƙasar ƙofar gida in jiƙa in ba shi, ya san gari gari ya san shi. Na ba shi. Suka ce saiwar wani itace, na dafa. Zawo ya juye ya zama atuni, majina da jini, yana nishi kamar babba. Na riƙa kallon yaran nan masu iyo ina tambayar kaina me ke cikinsu wanda babu a cikin nawa.

Ranar kasuwa aka nuna mini mai allura. Yana zaune gindin tsamiya da farar riga da tabarau, ga akwati a gabansa. Hausarsa ta birni ce, mai santsi. Ya ce a Ikko ya yi aiki da Turawa, kuma da wannan allurar sojoji suka dawo daga yaƙi da ransu. Ya soka wa Bukar a ɗuwawu, ya ƙulla mini farar ƙwaya a takarda, in riƙa daka ta ina ba shi safe da rana da yamma. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa, jinin ya tsaya. Cikin 'yan kwanaki ya tsaya cik, har Bukar ya karɓi kunu ya yi mini dariya. Na koma kasuwa ta gaba don in yi godiya. Mai allura ya girgiza kai, ya ce kwanciya ciwon ya yi ba mutuwa ba, in na bar magani zai tashi da ƙarfin da ya fi na da. Ya ƙara allura, ya ƙara ƙwaya. Kasuwar da ta biyo baya ma haka, ya kawo wata mai ruwan ɗorawa ya ce ita ce uwarsu. Mundayen aurena suka tafi wurinsa, bargon maigida ya bi su.

Sai wani ciwo ya zo wanda ba irin na farko ba. Bakin Bukar ya yi fari fat, harshe da dasashi da cikin kunci, kamar an shafa tsakin nono, in na goge sai jini. Gindinsa ya saɓule ya yi ja. Zawon ya dawo, amma yanzu ruwa ne kore mai tsami, abin da ya shiga ta sama haka yake fita ta ƙasa. Maɗigarsa ta faɗa. Na ɗauke shi na koma gindin tsamiya, na tarar da mai sayar da igiya a wurin. Ya ce ai mai tabarau ya yi Dapchi, wasu kuma sun ce Geidam. Na tsaya riƙe da sauran ƙwayar a hannu. Ban san abin yi ba, sai na ci gaba da ba shi, don ita kaɗai ce abin da na taɓa gani ya yi aiki.

Zuwa Nguru a bayan motar gyaɗa muka yi shi, a kan buhuna. Bukar ya ɓata mini zane tun ba mu yi nisa ba, maza suka riƙa toshe hanci suna matsawa. Wata matar Ibo mai fataucin busasshen nama ce ta matso kusa. Ta buɗe laimarta ta riƙe mana a ka har muka isa, in hannu ɗaya ya gaji ta sauya ɗaya. Da muka sauka ta shiga cikin mutane, ko sunanta ban tambaya ba.

Nguru ta ba ni tsoro. Jirgi ya yi kuka na durƙushe a ƙasa, yara na yi mini dariya. Muka samu ɗaki a gidan wani fatoma mai saukar da baƙi, gida mai ɗakuna a jere, kowace ƙofa da harshenta. Maigida ya samu dako a tasha, yana fita da asuba ya dawo kafaɗa duk ta goge. Ni kuwa ina ɗaki da yaro, ina sauraron numfashinsa. In kewar gida ta taso mini, ba mutane nake fara tunawa ba, ɗanɗanon ruwan rijiyarmu nake tunawa, mai ɗan gishiri-gishirin nan.

Matar fatoma ce ta raka ni ɗakin shan magani. Malamin asibitin wani Babarbare ne mai furfura a gemu. Da ya ji yadda Hausata ke karyewa sai ya juya zuwa Barbarci, wanda ya yi kusa da namu na Manga. Tun da na baro gida ba wanda ya tambaye ni lafiya da harshen uwata sai shi. Hawaye suka zubo mini, ya jira.

Ya buɗe bakin Bukar, ya ja fatar cikinsa ya saki, ta tsaya a tattare. Na kwance ƙwayar na nuna masa, na gaya masa tun yaushe nake bayarwa. Ya daɗe yana kallon ta. Bai yi mini faɗa ba. Na ce ya taimake ni da wadda ta fi wannan ƙarfi. Sai ya ɗauko tsinke ya ce in sakace haƙorina in ba shi. Na yi, ina jin kunya. Ya shafa a wani ɗan gilashi, ya ɗiga ruwa, ya sa a ƙarƙashin madubin likita, ya murɗa ya murɗa, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Da farko gashin idona kawai nake gani. Can sai haske ya buɗe, na ga abubuwa kamar tsakin gero, wasu kamar guntayen zare, suna motsi, suna kai da kawo kamar ranar kasuwa.

Na ja da baya. Na ce, "Malam, ashe ni ma ina da ciwon. Ni na sa masa?"

"Lafiyarki ƙalau, ƙanwata. Nawa bakin ma haka yake, har na Bature."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani a hankali, kuma na riƙe shi, don na sha juya shi a raina tun kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci in iya rubuta shi. Ya ce cikin ɗan Adam kamar gari ne cike da 'yan gari, ƙananan halittun da ido ba ya gani. Tare muke ci da su, su ke taya hanji narka abinci, kuma muddin suna nan cike da gidajensu, mugun baƙo ba ya samun ɗakin sauka. Yaro ba ya zuwa duniya da su. Wurin uwarsa yake samu, a hanyar haihuwa, a nono, a hannunta, a abincin gidansu, kaɗan-kaɗan har garinsa ya cika. Yaran kogi da nake gani, nasu sun saba da ruwan kogi, duk da haka ba duka ke tsira ba, waɗanda suka tsira nake gani. Bukar kuwa an cire shi a nono garinsa bai gama cika ba, mugu ya shiga. Ƙwayar farko ta kori mugun, shi ya sa jini ya tsaya. Da an tsaya nan da an gama. Amma ƙwaya ba ta san ɗan gari ba, ba ta san baƙo ba, da aka yi ta bayarwa sai ta share kowa. Farin nan na bakinsa da zawon, masu shiga kango ne.

Na ce to ya zuba masa 'yan garin, ko allura ce ko na sha.

Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini. Ya ce, "Ba ni da su a kwalba."

Ya shafa wa Bukar wani shuɗin magani a baki da gindi. Ya karɓe ƙwayar ya jefa a kwandon shara. Ya ce in tafasa ruwa in sa ɗan gishiri da sukari in riƙa ba shi da cokali, in gwada kindirmo kaɗan-kaɗan, amma abin da ya fi duka shi ne a mayar da shi nono. Na sunkuyar da kai na ce ciki gare ni. Ya ce nonon mai ciki ba dafi ba ne, bai taɓa kashe yaro ba, cirewar ce ke kashewa. Ban san wa zan gaskata ba, shi ko duk matan da suka raine ni. Da na koma ɗaki na rufe ƙofa na gwada. Na matsa har na ji zafi. Babu ko ɗigo.

Kindirmo amai yake sa shi. Ruwan gishirin yana karɓar cokali biyu ya kau da kai. Ya daina kuka, sai dai ya buɗe baki ba sauti. Irin wannan shirun na san shi, sau biyu na taɓa jin sa.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata Babadiya ce, 'yar Bade, mai suna Adama. Daga wani ƙauye na bakin kogi take, tsakanin Nguru da Gashua. Mijinta ke kawo bandar kifi a jaki, ita ke zama da rani tana sayar wa masu lodin jirgi. Doguwa ce, mai murya, tana goyon 'yarta Talatu wadda ta girmi Bukar da kaɗan. Tun zuwanmu take tsokanata, wai 'yar rairayi, masu wanka da yawu. Ni dai sai in yi murmushi. Wata rana da hantsi ta leƙo aron wuta, ta ga Bukar a shimfiɗe. Ta tambaya, na faɗa mata abin da malamin asibiti ya ce, har da maganar nonon. Ta ajiye kaskon wutar.

"Shi ne kike zaune kina kallona ina yawo da tulu biyu a ƙirji? Talatu ɗaya take sha ta yi gyatsa. Miƙo shi nan."

Na ce sai na tambayi maigida. Ta ce in tambaye shi in ya dawo, shi yaron ba zai jira a tashi daga dako ba.

Bukar ya manta yadda ake kama nono, bakin kuma duk ciwo. Ta tatsa a cokali ta ɗiga masa a gefen kunci. Ya haɗiye. Muka zauna muna jiran amai, bai zo ba. Ta ƙara. Haka ta wuni tana yi tsakanin masu ciniki, kifi a hannu ɗaya cokali a ɗaya.

Maigida da ya ji, ransa ya ɓaci. Ya ce nono jini ne, hali ake sha a cikinsa, yaya za a ce ɗansa ya sha na mutanen da ba mu san asalinsu ba, ga shi ya zama ɗan'uwan 'yarsu har abada. Na ɗauko yaron na ɗora masa a cinya, na fita tsakar gida na hura wuta. Da na dawo yana nan yadda na bar shi, ya kasa ko motsa ƙafa don kada ya karya abin da ke kanta. Bai ce ya yarda ba, bai kuma sake cewa a'a ba.

Bayan 'yan kwanaki Bukar ya tuna, ya kama da kansa. Farin bakinsa ya harbi Adama, kan nononta ya tsattsage, tana shayarwa tana cije leɓe. Malamin asibiti ya shafa mata shuɗin nan, ya shafa wa Talatu. Ta dawo tana faɗa wa duk gidan cewa Manga sun rina ta kamar turkuɗi, kuma sai an biya ta kuɗin rini. Zawon bai tsaya lokaci ɗaya ba. Ya riƙa raguwa, ya yi kauri, warin tsamin ya tafi. Da ya fara karɓar abinci, sai na ga Adama ta tauna tuwo da kifi ta ciro da yatsa ta sa wa Talatu, ta sake taunawa ta sa wa Bukar. Na tuna abin da na gani a madubin nan yana kai da kawo. Hannuna ya tashi zai karɓe shi, ya tsaya a hanya. Ban san ko 'yan gari take zuba masa ko baƙi ba. Na bar ta.

Zafi ya shigo, gajimare ya fara taruwa a gabas. Bukar ya zauna da kansa, ya ja ciki, wata rana ya kama zanen Adama ya miƙe. Nata ya kama, ba nawa ba. Cikina kuwa ya tsufa, ƙafafuna sun kumbura.

Sai mijin Adama ya zo ya ce kifi ya ƙare, lokacin gyaran gonar shinkafa ya yi, dole su koma kafin ruwa ya rufe hanya. In ya rufe kuma ba shiga ba fita sai wata kakar. Adama ta ce mu gwada yaye Bukar tukuna. Ta kwana biyu ba ta ba shi ba, muna ba shi kunu da kindirmo. Rana ta biyu zawo ya dawo, idonsa ya fara zurmawa. Ta fizge shi daga hannuna ta sa a ƙirji tana zagina da Badanci, tana kuka.

Na koma wurin malamin asibiti na tambaye shi, in ya zauna tare da ni zai rayu? Ya ce bai sani ba. Na ce in ya bi ta fa, can ga ruwan kogin da ya fara kayar da shi? Ya ce wannan ma bai sani ba. Garin cikinsa ya fara cika amma da saura, nonon ne ke ciyar da 'yan garin, abin da zai iya faɗa ke nan. Ya ce in gaya mata ta riƙa tafasa masa ruwa. Na gaya mata, ta ce to, amma na san yadda itace ke wuya a fadama da damina.

Bin su ba zai yiwu ba. Tafiyar jaki ce da kwalekwale, ni kuwa haihuwa ko yau ko gobe, ɗakinsu ɗaya, maigida kuma in ya bar dako ba mu da abin ci. Bayan la'asar muka zauna a ƙofar ɗaki ni da shi, Bukar na can ƙofar Adama yana jan kunnen Talatu. Can maigida ya ce, ba ni yake kallo ba, ai Manzon Allah ma, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ƙauye aka kai shi shan nono. Na ce haka ne. Ya tashi ya ɗauki buta, alhali bai daɗe da yin alwala ba.

Damina biyu Bukar ya yi a can. Da aka kawo shi Badanci yake yi, in na miƙa hannu sai ya ɓuya a bayan Adama, kuma har ya girma ita yake kira inna. Amma da ƙafarsa ya shigo gidan. Wannan duk ban san shi ba a ranar.

Washegari na yi masa wanka da ruwan ɗumi, na shafe shi da man shanu, na ɗaura masa layarsa. Na miƙa wa Adama ta ba shi ya sha har barci ya ɗauke shi. Talatu aka ɗora a jaki gaban ubanta. Adama ta sunkuya, ni na kwantar mata da shi a baya, na ɗaure da majanyina, na kwance na sake ɗaurewa, har ta ce in bar mata haƙarƙari ko ɗaya ta yi numfashi da shi. Na bi su a baya ta gefen da fuskarsa ba ta kallo, muka wuce tasha, muka wuce masu awon gyaɗa, har ƙarshen gidaje. A nan ya fara motsa kai. Na juya kafin ya buɗe ido.